Wutsiyar Kaset a Shagon Bato

"Buɗe baki," na ce da shi.

Bato ya buɗe, na zuba masa cokalin kunun acha, ya haɗiye bai ko tsaya ƙorafin sukari ba. Na ƙara, ya sake haɗiyewa. Mutumin da kullum sai ya ja ni da surutu har kunu ya huce ya yi fata, yau ga shi yana sha kamar wanda mota ke jira.

"Ya isa, Maman Clara," ya ce. "Ki je gida. Ba layit, ba abin da za ki yi a nan."

"Yaushe ka fara damuwa da hutuna?"

"Ki je kawai. Kaina yana ciwo."

Na ajiye kwanon a kan benci na gyara zama. In dai Bato yana so in tafi, to zama ya kama ni. Tun hantsi aka ɗauke wuta, shagon ya yi duhu, ba abin da ke tashi sai warin fumfuna da na man zafi. Yana kwance a katifa bayan kanta, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul kamar gora. Idonsa kuwa ya ƙi zama wuri ɗaya, daga fuskata sai kan bidiyon da ke ƙarƙashin talabijin.

Kada wanda ya ji wannan ya ce ni Yemima mace ce mai tausayi. Matan zumunta sun faɗi haka, har fasto ya yi misali da ni a wa'azi, na sunkuyar da kai na ƙyale su. Gaskiyar magana na tsani Bartholomew, wato Bato, tsanar da ta kusa shekara goma tana cina, kuma kunun nan da nake dama masa kullum don kada ya mutu ne kafin in karɓi abina.

Bango ɗaya ya raba ɗakin ɗinkina da shagonsa, a layin da ke gangarowa daga tashar jirgi zuwa kasuwar Kafanchan. A idona ya buɗe shagon a shekarar tamanin da bakwai, da kwali ɗaya na kaset da talabijin ɗin aurensa. Kafin ka ce kwabo, duk garin ya san Bato Bidiyo. Ranar Asabar sai ka ga ma'aikatan reluwe da malaman makaranta da matan 'yan kasuwa sun yi cincirindo a ƙofa, wannan na neman na Indiya, wancan na 'yan Chana masu tashi sama. Har daga Kwoi da Gwantu ake hawo babur a zo haya. Ya sayi janareta, ya sayi kyamara yana ɗaukar biki, ya yi tumbi, ya fara kiran dattawa da sunansu. In ka dawo masa da kaset ba ka mayar da shi farko ba, zai wanke ka tas a gaban jama'a ko da kai hedimasta ne.

Shi ya ɗauki bikin 'yata Clara, lokacin da ta auri wani manomin citta na Kwoi. Mijina Azariya, mai ba jirgi hannu a tasha, mutum ne mai kunya, ko a kwayar mawaƙan coci a layin baya yake tsayawa. Amma ran nan da matan zumunta suka kaɗa tulu, sai ga Azariya ya tuɓe kwat ya shiga fili. Ya yi rawa, ya yi jawabi, ya yi waƙa da yarenmu har muryarsa ta shaƙe. Da Bato ya kawo mana kaset ɗin, a gabanmu ya ɓalle wani ɗan haƙori da ke gindinsa, ya bar rami a wurin.

"Kun ga wannan rami?" ya ce. "Yanzu ko Shaiɗan ba zai iya goge shi ba."

Damina ba ta ƙare ba Azariya ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Hotonsa na kati ɗaya gare ni, wanda ya murtuke fuska a ciki kamar an kama shi da laifi. Tafiyarsa da dariyarsa da muryarsa, duk suna cikin kaset ɗin nan. Ni ba ni da bidiyo, amma sanin yana cikin akwatina ya ishe ni barci.

Clara ce ta roƙi a yi mata kwafi. Na naɗe shi a ɗankwali na kai wa Bato da hannuna, ya ce in dawo bayan sati. A satin ne wani sabon fim na Indiya ya shigo gari, mutane suka yi caa a kansa, kaset ɗin da babu komai a ciki ya yanke a kasuwa. Bato ya waiga ya ga na bikin 'yata, mai awa uku, sabo fil. Ya yanki ɗan salatif ya liƙe ramin nan da Shaiɗan ba zai iya da shi ba, ya ɗora fim ɗinsa a kan mijina.

Da na zo karɓa, shagon cike yake. Bai ma ja ni gefe ba.

"Sori, Maman Clara, an yi mistek. Fim ya hau kai."

"Wane fim? Ya hau kan wa?"

"Ya goge, na ce miki." Ya miƙa hannu bayansa ya zaro wani sabo a leda ya ɗora a kanta. "Ga wannan, ya ma fi naki kwaliti. Kaset kaset ne."

Ya juya ga kwastoma na gaba. Ban san yadda na fita ba. Abin da na sani, matarsa Hellen ce ta biyo ni har ɗaki, ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka. Tare muke zumunta da ita, ita ta raba abinci a bikin. Na ce mata ta tashi, ba ita ta yi min ba. Amma na rantse a gabanta cewa sai na ga ƙarshen shagon nan da idona.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan wasu watanni Hajiya Rahmatu, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, ta shigo min da sauri ko mayafi ba ta gyara ba.

"Yemima, na ga Azariya."

Na ce ta yi min bayani kafin zuciyata ta tsaya.

"Fim ɗin Indiyan nan na hayo daga wurin Bato. Da ya ƙare na tashi yin la'asar ban kashe ba. Ina sallamewa sai na ji kiɗan zumuntarku. Wallahi shi ne, yana rawa da farar riga. Fim ɗin bai cinye kaset ɗin duka ba, akwai saura a wutsiya."

Ta riga ta aika an mayar tun da safe, don sai da ta kwana tana shawarar ko ta faɗa min. Muka tafi tare. Bato ya saurare mu yana sakace, ya ɗauko kaset mai sunan fim ɗin, ya tura shi ƙarshe, ya kunna. Babu komai sai yayyafi da shuuu. Ashe kwafin fim ɗin da yawa gare shi, ya ba mu wanda ya ga dama.

"Hajiya, ki rage kallo da rana," ya ce. "Yana sa mafarki."

Na kai ƙara wurin dattawan ikilisiya. Ya zo da sabuwar shadda, ya ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki ya ce ko inuwar Azariya ba ta rage ba. Dattawa suka ce in yafe, in bar wa Ubangiji. Na bar wa Ubangiji, amma ban daina leƙawa ba in ga ko Ya fara.

Ya kuwa fara, a hankali, yadda nake so. Da farko shagunan haya suka yi yawa, kowane lungu da nasa, har da masu kai wa mutum gida. Sai masu hali suka kafa dish mai kamo tashoshin waje a kan rufi suka daina zuwa. Jirgi ya rage shigowa, ma'aikatan da ke cika masa shago suka watse. Daga baya wani yaro ɗan Onitsha ya buɗe shago a bakin kasuwa yana ba da fim a faifai mai walƙiya, wanda ba a mayarwa farko, ba ya kuma cin zare. Bato ya ce wasan yara ne, ba zai kai Kirsimeti ba. Ina zaune a kan kekena ina jin ƙafafun da ke shiga shagonsa suna raguwa, ina taka keke da daɗi. Janareta ya tafi, kyamara ta tafi, bidiyo na biyu da yake kwafi da shi ya tafi. Damina ta shiga kantocin, fumfuna ta yi wa kaset ɗin fari-fari kamar an barbaɗa gari.

Mutuwar Hellen ce kaɗai ban yi murna da ita ba. Na yi kuka a jana'izarta da gaske, amma ban yi wa mijinta gaisuwa ba. Bayan ta, ya saki gidan haya ya dawo kwana a shago. Ɗansu Martins yana Fatakwal, sai dai a ji labarinsa. Da ciwon hanta ya kwantar da Bato, ba mai leƙa shi sai ƙuda.

Wata rana ina shara a ƙofa ya kira ni da wata 'yar murya.

"Maman Clara. Abin nan yana nan."

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Hajiya bai yi ƙarya ba. Na canza takardan jikinsa ne, na manta a wane na manna. Yana cikin waɗannan." Ya nuna kantoci daga ƙasa har rufi. "In kin samu, naki ne. Amma yunwa ba ya barin mutum ya tuna abu."

Na gane cinikin sarai. Washegari na dama kunu. Tun daga ranar, duk lokacin da aka kawo wuta sai in bar ɗinki in shiga, in ɗauko kaset, in goge fumfuna, in tura shi ƙarshe, in kalli wutsiyarsa. Na ga ƙarshen fina-finai har na gaji: an kashe mugu, an yi aure, an rungume uwa. Bato na kwance yana kallona, wani lokaci har da dariya.

"Ka tuna?" nakan tambaye shi.

"In na tuna yau, gobe wa zai kawo min kunu?"

"Ka sha, Bato. Ba na so ka mutu yanzu."

"Na sani. Ke kaɗai ne a garin nan ba ki so in mutu."

Haka muka ci damina guda, ni da shi. Shi ya sa ran nan da ya dage in tafi gida, na ƙi motsi. Ya rufe ido kamar mai barci, amma yatsunsa na ta murza bakin zanen rufarsa. Can wajen azahar sai fankar sama ta yi ƙara ta fara juyi, yaran layi suka kwashe da ihun an kawo wuta, talabijin ya kama da kansa yana shuuu.

Na ɗauki kaset na gaba a layin da na tsaya jiya, na kai bakin bidiyo. Ya ƙi shiga. Na sake turawa, ya ƙi. Akwai wani a ciki.

Jiya da hannuna na cire na ƙarshe. Kuma duk wanda ya zauna kusa da Bato ya san in aka ɗauke wuta kaset na ciki, to ya maƙale ke nan, ba mai fitar da shi sai wuta ta dawo. Na waiga. Bato ya ɗaga kai daga filo, abin da ya yi sati ban ga ya yi ba.

"Kar ki taɓa," ya ce. "Abeg."

Na danna maɓallin kunnawa.

Tulu ne ya fara dukan kunnena. Sai ga filin makarantar da aka yi biki, ga rumfa, ga Azariya da farar riga ta jiƙe da gumi, ya buɗe hannuwa yana juyi, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Na manta yana da wushirya. Shekara goma ina kwana da fuskar mutumin nan a raina, ashe na manta wushiryarsa. Na zauna a ƙasa.

Sai kyamara ta bar shi ta koma gefe. Ga Hellen da anko, ta rungumo babbar kula, tana ratsa mutane. Ta juyo ta kalli mai ɗauka, ta yi magana tana murmushi. Daga nan hoto ya yanke. Duka abin bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Na duba gefen katifar. Filonsa ya goce, ga kwalin kaset babu komai a ciki, ya lanƙwashe don kwanciya a kai. Ashe ba ya cikin kantocin da na yi damina ina haƙa. A ƙarƙashin kansa yake, in na fita ya ja jiki ya saka.

"Ba ka manta ba," na ce.

"Ban manta ba."

"Ka rantse da Littafi."

"Na riga na ce ya goge a gaban kwastoma. In na dawo na ce akwai, wa zai sake kawo min kaset na biki?" Numfashinsa na fita da ƙyar. "Da Hellen ya mutu, na nemi hotonsa ko'ina. Ni da na ɗauki bikin duk garin nan, ban taɓa ɗaukan matana ba. Sai wannan. Shi ke nan abin da nake da shi."

"Lokacin da kake da bidiyo biyu, me ya hana ka yi min kwafi?"

Hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa. Na tsaya in ji ko tausayi zai zo min, don na san irin wannan yunwar, ba wanda ya fi ni saninta. Abin da ya zo min shi ne ranakun da na kwana ina ƙoƙarin tuna muryar Azariya, alhali tana nan bayan bango, taku kaɗan daga gadona.

Na danna, kaset ya fito. Ga salatif ɗin nan har yanzu a kan ramin, ya yi rawaya.

"Maman Clara, ki bar min zuwa gobe. Gobe kawai. Ba zan kai Lahadi ba, ke ma kin sani. In na tafi ki ɗauka, har da mashin."

Na sa farce na ɓare salatif ɗin, na liƙa shi a kan kanta. Na naɗe kaset ɗina a ɗankwali. Sannan na miƙa hannu na zaro wani daga kan kanta, ban ko duba sunansa ba, na tura shi cikin bidiyo na kunna masa. Wata 'yar Indiya ta fito tana gudu a cikin furanni.

"Ga wannan," na ce. "Kaset kaset ne."

Na ɗauki kwanona na fita. Ban ji nauyi a ƙafata ba, daɗi na ji, irin wanda mutum ke ji in ya cire ƙaya da ta daɗe a tafin ƙafa.

Ta bango na ji fim ɗin yana ta waƙe-waƙensa har ya ƙare, shuuu ya biyo baya. Washegari ban dama kunu ba. Na buɗe ɗinkina na yi aiki, shuuu ɗin nan na ta zuwa ta bango, ba wanda ya kashe. Da rana ta take, Hajiya Rahmatu ta leƙo.

"Yemima, yau ba ki shiga wurin mutumin naki ba? Talabijin ɗinsa tun jiya yake kuka."

Muka shiga tare. Ya juya wa talabijin baya, fuskarsa na kallon bango, kwalin nan da babu komai a ciki yana hannunsa. Hajiya ta yi salati, ta ja zane ta rufe shi. Ni na kashe talabijin.

Martins ya zo jana'iza, ya kwana biyu. A coci ya tashi ya gode wa Maman Clara da ta riƙe babansa kamar ɗan'uwa, ya ce in ɗauki bidiyo da talabijin, ba shi da abin da zai saka min da shi. Na karɓa. Kaset ɗin shagon kuwa ba wanda ya taya ko ɗaya, aka zube su a bayan shago. Manoma suka zo suka kwasa, suka zare zaren suka ɗaura a gonakin shinkafa don korar tsuntsu. In ka bi hanyar Kwoi a kakar nan, za ka ga finafinan Bato suna walƙiya a iska daga wannan sanda zuwa waccan.

Clara ta zo ta kalli babanta, ta yi kuka, ta koma. Ni kuma duk Lahadi bayan sujada, in akwai wuta, nakan rufe ƙofa in zauna. Ba na mayar da shi farko, ɗan kaɗan nake ja da baya, daidai inda tulu ya fara. Azariya ya buɗe hannuwa ya yi juyi. Kyamara ta bar shi ta koma gefe. Hellen ta taho da kularta, ta tsaya, ta kalli cikin ɗakina.

"Bato," ta ce, "ajiye wannan abu ka zo ka ci abinci. Zai yi sanyi."

Sai yayyafi ya rufe gilashin.